Tambayoyin Mista Iftikar

Ni mutum ne da sabon abu ke tafiya da shi, wannan kam ko maƙiyana sun shaida. Ranar da na fara ganin rediyo mai cin kaset, kwana biyu na yi ina ba mutane labarinsa har aka fara guduna. To ka ƙiyasta yadda na koma ranar da Mista Iftikar ya buɗe mini ƙaramin akwatinsa.

A Sabha ne, cikin shekarar alif ɗari tara da saba'in da tara, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara a Libiya kamar ba za su ƙare ba. Duk inda ka juya gini ake yi, motocin siminti na shige da fice, aiki ne ke neman mutum. Ni Gwadabe, mutumin Kano, ina da ɗan shagon gyaran rediyo da agogo a bakin kasuwa. Shi kuwa Mista Iftikar ɗan Pakistan ne, safiyo mai awon filaye a wani kamfani da ke gina gidaje a unguwar Hajara. Rediyonsa ya kawo mini gyara, ya tarar mura ta kama ni, ido na ruwa, hanci na ruwa, ina ta atishawa a kan kayan mutane. Da yake na taɓa zaman makaranta har aji biyu na sakandare, muna jin juna da Turanci.

Ya zauna a benci ya ciro wani akwatin fata daga jakarsa, bai fi ƙaramin rediyo girma ba. Ciki ƙananan kwalabe ne a jere, kowace cike da fararen ƙwayoyi kamar gero. Ya ce sunan wannan hanyar magani homiyofati, wani likitan Jamus ne ya fito da ita tun da daɗewa, a ƙasarsu kuwa har shaguna gare ta. Shi a wurin kawunsa ya koya. Ba sana'arsa ba ce, ba ya kuma karɓar komai a kanta.

Ya tambaye ni, "In ka yanka albasa, me ke faruwa?"

Na ce, "Ido ya yi ruwa, hanci ya yi ruwa."

"To ga ka nan, ba ka yanka albasa ba amma idonka da hancinka na ruwa. Saboda haka daga albasa za a yi maganinka. Abin da ke sa mai lafiya ya ji wani abu, shi ake ba marar lafiyar da ke jin irin wannan abin."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Wato da ƙaya za a cire ƙaya!"

Ya yi dariya ya ce in zauna, da saura. Wai ɗigo ɗaya na ruwan albasar ake sawa cikin ɗigo casa'in da tara na ruwa, a toshe kwalba a yi ta bugawa a tafin hannu. Sai a ɗebi ɗigo ɗaya daga nan a sa cikin wasu casa'in da taran, a sake bugawa, haka haka har sau talatin, sannan a ɗiga a kan ƙwayoyin sukari. Abin da ya ƙarasa ni shi ne da ya ce duk yadda aka ƙara sirka shi, haka ƙarfinsa ke ƙaruwa. Ni da na tashi a gidan da in magani bai yi ɗacin da zai sa ka kira sunan kakarka ba, ba a ɗaukarsa magani! Ya zuba ƙwaya uku a murfin kwalba, ya hana ni taɓawa da hannu, ya ce in juye a ƙarƙashin harshe in bar su su narke.

Kwana biyar mura ta tafi. Daga nan Sabha ta shiga uku da ni. Wanda ya kawo agogo sai ya ji labarin albasa, wanda ya zo tambayar hanya ma bai tsira ba. Zouéra, wata 'yar Damagaram mai tuwo a Hajara, ta ce mini mura ai ko ba a ce mata komai ba kwana biyar take yi ta kama gabanta. Likitan kamfanin su Mista Iftikar, wani ɗan Masar, ya ce sukari ne da ruwa, babu komai a ciki. Da na kai wa Mista Iftikar wannan magana cikin fushi, sai ya ce likitoci da yawa haka suke cewa, kuma shi ma in ƙafarsa ta karye asibiti zai tafi. Wannan bai rage mini zafi ba ko kaɗan. Abin da nake nema kawai shi ne babban ciwo wanda za a warkar a gaban kowa, gani ya kori ji.

Sai ga Chékaraou.

Chékaraou dattijon magini ne daga wajen Maraɗi, ya haura hamsin, shekararsa shida a Sabha. In ya yi wa bango shafe, sai ka ji kamar ka sa kunci a jiki. Tun ina sabon zuwa yake zama a bencina ranar Juma'a, ya ba ni goro, ya yi mini faɗa a kan yawan magana. Amma wata biyu ke nan mutumin yana zubewa. Abinci sai ya tsakura ya ture, wandonsa har ya fara zamewa, hannunsa na dama ya kama rawa, cokalin gini na faɗuwa daga sama. Likitan kamfani ya auna shi, ya ba shi ƙwayoyi ja da rawaya, ba abin da ya sauya. Ranar Litinin mudir, wato shugaban aikinsu, ya kira shi ya ce ranar Asabar za a sake duba shi. In hannun na nan yana rawa, za a sallame shi a sa shi a motar Agadas.

Da ya gaya mini, na ce, "To Baba, ai ba laifi ka je gida ka huta."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ban barin Sabha. Ko mi za a yi, ban barin garin ga."

Ban tambaye shi dalili ba, don hankalina ya riga ya tafi wurin akwatin fata. Abin nema ya samu! Na yi ta lallashinsa har ya yarda, ba don ya gaskata ba, sai don ya huta da bakina.

Ranar Talata bayan la'asar muka zauna a cikin shagona, na ja ƙofa. Ni ne tafinta. Na zaci Mista Iftikar zai kama hannun ya duba, ya zaro kwalba, shi ke nan. Sai ya ajiye akwatin a gefe ko buɗewa bai yi ba, ya ɗauko littafi da biro. Ya ce a wannan hanyar ba ciwon ake ba magani ba, mutumin ake ba. Mutum goma na iya zuwa da rawar hannu kowa ya tafi da kwalba daban, saboda haka sai ya san Chékaraou tukuna.

"Tambaye shi yadda yake ji."

Na tambaya. Chékaraou ya ce, "Lahiya lau."

"Hannun fa?"

"Da sauƙi."

"Barci?"

"Sai godiya."

Ga mutum kamar a hure shi ya faɗi, amma wai sai godiya! Na ga za a kunyata ni a gaban baƙo, sai na fara ƙara gishiri a fassara, na ce ya ce kansa na sarawa, gabansa na faɗuwa. Mista Iftikar ya ɗago ya ce, "Gwadabe, kalma biyu ya faɗa, kai ka faɗi ashirin. Abin da ya ce za ka ba ni." Na ji kunya, na bayyana masa cewa mu a wurinmu babba ba ya kai ƙarar jikinsa, ko ana janye shi zuwa kabari da sauƙi zai ce.

Ya gyaɗa kai, ya sauya salo. Ya daina tambayar yaya, ya koma tambayar wanne. Gishiri ya fi so ko zaƙi? Ruwan sanyi ko mai ɗumi? A wane ɓangare yake kwanciya? In ransa ya ɓaci, ya fi son a zauna da shi ko a ƙyale shi? Yana yawan ajiyar zuciya? Chékaraou ya juyo gare ni ya ce, "Kai Gwadabe, wanga lokotoro ne ko aurena za shi yi?" Lokotoro shi ne likita a bakinsu. Na fashe da dariya, na fassara, shi ma baƙon ya yi dariya. Daga nan dattijon ya ɗan saki jiki. Ya ce gishiri. Ya ce a ƙyale shi. Ya ce akwai abin da ke tokare masa maƙogwaro kamar loma ta ƙi wucewa. Biro na ta gudu a kan takarda, ni kuwa ina ta murna a zuci, ina cewa yau za a ga aiki.

"Rawar hannun ta fi yawa da safe ko da yamma?"

"Da marece."

"Kowace rana ɗaya ne, ko akwai ranar da ta fi?"

Ya ce, "Juma'a."

"Me yake yi ranar Juma'a?"

"In na tashi nan, tasha nike zuwa."

"Yin me?"

"Kallon motoci."

Mista Iftikar ya jira. Ni shiru ba ya zama a bakina, na buɗe baki zan cike gurbin, ya ɗaga mini hannu. Can sai Chékaraou ya ce, yana kallon ƙasa, motocin da ke fitowa daga kudu yake dubawa. Wata uku da suka wuce wani matafiyi ya kawo masa saƙo cewa wani yaro ya taso daga gida zai zo wurinsa. Tafiyar da ba ta wuce sati uku ba, in ta yi tsanani.

"Yaron wa?"

"Yaron gidanmu."

"Shekararsa nawa?"

"Ashirin da biyu, da kaka mai zuwa."

Wanda ya san shekarun yaro har da kakar da aka haife shi, amma ya kira shi yaron gidanmu, ai ba sai an gaya maka ba. Na juya na ce wa Mista Iftikar da Turanci, ɗansa ne na fari. Na bayyana masa cewa ɗan fari akwai kunya tsakaninsa da iyayensa, ba sa kiran sunansa, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane, dattijo irin wannan kuwa ya riƙe abin da gaske. Shekara uku muna cin goro tare, ban taɓa jin yana da ɗa namiji ba.

Mista Iftikar ya ajiye biro. "To da ya je tasha, me yake tambayar direbobi?"

Na tambaya. Chékaraou ya ce, "Ina ce musu, baƙi sun sauka?"

Baƙi sun sauka! A Sabha, inda kowace safiya mota ke zubar da mutum sittin! Wallahi haushi da tausayi suka haɗu suka kama ni. Wata biyu mutum na narkewa a gabana, ni ina can ina wa'azin albasa.

Mista Iftikar ya ce, "Ina da ƙwayar da ake ba mai irin wannan damuwa, zan ba shi. Amma neman mutum ba ya cikin akwatina, sai da suna. Ka ce ya faɗa."

Na ce ba zan iya tambayarsa wannan ba, kuma ko na tambaya ba zai faɗa ba. Ya yi ɗan tunani, sai ya juya littafinsa ya tura gaban dattijon, ya ɗora biro a kai. Chékaraou bai yi boko ba, amma ya yi allo. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ɗauki biron da hannun nan mai rawa, ya dafe shi da na hagu, ya rubuta da ajami, harafi na hawa kan harafi. Su mutanen Pakistan da baƙaƙen Larabci suke rubutu, saboda haka Mista Iftikar ya jawo littafin ya karanta a fili, a hankali.

"Sallaou."

Dattijon ya juya fuskarsa wajen bango. Ya ce, "Gazawa ne garin," da wata murya da ban san shi da ita ba.

Aka ba shi ƙwaya uku a ƙarƙashin harshe. Aka hana shi gahawa, da shayi mai na'ana'a, da turare mai ƙarfi, da goro, wai suna kashe maganin. A kan goron ne kaɗai ya yi gardama. Mista Iftikar ya ƙara da cewa in rawar ba ta tsaya ba, lallai a kai shi babban asibiti.

Ni kuwa tun kafin su kai bakin titi na rufe shago. Bakin nan nawa da aka daɗe ana kuka da shi, ranar ya sami aikin yi. Sallaou ɗan Gazawa! Na faɗa a tasha, na faɗa wa masu shayi, na faɗa a ƙofar masallaci bayan magariba. Ranar Laraba na bi wuraren gini ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga murya daga ƙasa, magina na leƙowa daga sama suna cewa Bakanon nan ya zare. Na je inda 'yan ƙwadago ke tsayuwa da safe suna jiran a ɗauke su. Babu wanda ya san shi. Ranar Alhamis da azahar, ƙafafuna sun yi nauyi, na faɗa rumfar Zouéra don in sa wani abu a ciki.

Ta ce, "Yau kuma wane magani ka kawo muna?"

Na ce, "Ba magani, cigiya nake. Sallaou, ɗan Gazawa."

Ta saki mara a cikin tukunya. "Sallaou? Kai, sake faɗi!"

Ashe wata biyu da suka wuce wani direba mai kawo mata tumatir daga Samnu, wani garin gonaki can wajen Sabha, ya ba ta saƙo. Wani saurayi da ke aiki a gonar wani Balarabe a can ya ce, in an zo cigiyar Sallaou ɗan Gazawa, a ce yana nan da rai. Motarsu ce ta lalace a hanya, takardunsa suka salwanta, ranar da ya sauka Sabha mai gonar ya kwashe shi da abokan tafiyarsa, shi kuma yana tsoron shigowa gari kada 'yan sanda su kama shi. Ta sa direban ya tambaye shi wa yake da shi a Sabha, sai ya ce tsohonsa, yana aikin gini. Sunan uban bai iya fitowa daga bakinsa ba.

"Rabin garin ga magina ne!" in ji Zouéra. "Na yi sati ina tambayar masu cin tuwona, ba wanda ya sani, na bari. Chékaraou kuwa a kamfani yake ci. Sau nawa yana wucewa nan ya ce mini baƙi sun sauka, in ce masa sun sauka!"

Tuwon da ban ci ba ke nan. Da gudu na isa wurin ginin, na same shi yana tankaɗe yashi, don an hana shi hawa sama. Na faɗa masa a tsaye ina haki. Ya saurara har na gama, ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da tankaɗe. Amma na ga yashin a kan ƙafarsa yake zuba.

Ranar Juma'a da sassafe muka shiga tasi ta haɗaka zuwa Samnu, mu biyu. Duk tsawon hanya ni ke magana. Na ce ka ga aikin homiyofati, kwana uku kacal! Ya ce in bar shi ya ji da rashin goro. Muka wuce fili fetal, sai ga dabinai sun bayyana, da koren gonaki, da ƙarar injin ban ruwa. Muka tambayi gonar, wani ya nuna mana da hannu.

Tun daga nesa na gane shi, don tafiyar uban ce sak. Dogo ne siriri, kansa ba hula, yana gyara hanyar ruwa tsakanin kunyoyin albasa da fartanya. Na ƙwala masa kira da sunansa. Ya ɗago, ya gan mu, fartanyar ta faɗi cikin ruwa. Ya taho da sauri, da ya rage taku kamar goma sai ya rage gudu, ya cire takalmansa, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba."

Ni hawaye sun riga sun wanke mini fuska, ba na ɓoyewa. Na zaci yau kam kunya za ta kau. Ina! Chékaraou ya tsaya yana kallon wani dabino can gefe, kamar shi ya zo saye. Ya amsa gaisuwar a taƙaice, irin yadda ake amsa wa ɗan maƙwabta. Ya tambayi mutanen gida, saurayin ya ce suna lafiya, kowa na gaishe shi. Ruwa na ta wucewa a tsakanin kunyoyi, rana ta fara zafi.

Sai dattijon ya ɗaga hannunsa na dama ya cire hularsa. Na kalli hannun da kyau, don saboda shi aka fara duk wannan, gobe kuma shi mudir zai duba. Ko motsi ba ya yi. Ya miƙo mini hular, idonsa na kan dabinon.

"Gwadabe," ya ce, "ba yaron ga shi sa. Rana na dukan kansa."